A Rubuta, Sai Ƙarshen Wata: Ci da Shan Ma'aikaci a Birnin Kano

Kuɗin haya ba ya jin magiya. Kuɗin makarantar yara yana da ranarsa, mai adaidaita sahu kuma ba zai yi ragi don albashi ya makara ba. A duk hidimomin da ke kan ma'aikaci daga tsayuwar wata zuwa ƙarewarsa, guda ɗaya ce yake da cikakken iko a kanta, wadda zai iya ragewa ko ya soke ta ba tare da wani ya zo ƙofar gidansa yana sallama ba: abin da zai sa wa cikinsa tsakanin fitowarsa da safe da komawarsa da yamma. Shi ya sa da rayuwa ta yi tsada, a nan aka fara tsuke baki.

Kowa ya san inda aka faro. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai a jawabinsa na kama mulki. Litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. A watan Yunin 2023 aka bar kasuwa ta yi wa naira farashi, sai fulawa da sukari da madara da duk abin da ke da alaƙa da dala suka bi sahu. Zuwa Yunin 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100. A watan Yulin shekarar aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, daga baya gwamnatin Kano ta ɗora dubu ɗaya a kai ya zama 71,000. A daidai lokacin, buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi wannan albashin kuɗi.

Lissafin ba ya bukatar kwamfuta. Wata yana da ranakun aiki kamar 22. In ma'aikaci zai ci abincin naira 1,000 kowace rana a wurin aiki, naira 22,000 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan albashin, kuma bai shiga mota ba, bai auno wa iyali ko kwano ɗaya na masara ba. Magidancin da ya yi wannan lissafi a ransa ba zai iya zama gaban faranti hankali kwance ba, domin kowace loma tana tuna masa da cefanen gida.

Safiya a bakin titi

Kano ta yi faɗi. Wanda ke aiki a Sakatariyar Audu Bako ko a masana'antun Bompai da Sharada da Challawa, da wuya a ce gidansa na kusa. Daga Rijiyar Zaki yake fitowa, ko Mariri, ko Kurna, ko Panshekara, ko can bayan Naibawa inda haya ke da ɗan sauƙi. In yana so ya isa ƙarfe takwas, dole ya bar gida lokacin da uwargida ke fama da shirya yara, wuta ba ta gama kamawa ba. Mai sa'a shi ne wanda tuwon jiya ya yi saura aka yi masa ɗumame. Saura kuwa sai abin da hanya ta bayar: koko da ƙosai a bakin lungu, waina da miya ko da ƙuli, ko teburin mai shayi.

Teburin mai shayi ya cancanci a tsaya a kansa, don babu wata hukuma da ke ciyar da ma'aikatan birnin nan kamarsa. Gwangwanayen madara da Bournvita da Milo an jera su hawa-hawa, burodi a leda an gicciye shi a gefe, kiret ɗin ƙwai, katan ɗin Indomie, tukunyar ruwan zafi da ta sha citta da kanumfari tana huci a kan gawayi. Mai shayi zai ɗebo da moɗa, ya ɗaga hannu sama ya tsiyayo daga wannan kofi zuwa wancan, ya mayar, ya sake tsiyayowa har zafin ya faɗa, ɗigo ɗaya bai zuba ƙasa ba. Duk wannan yana yi kunnensa na wurin masu oda uku, idonsa na kan kaskon ƙwai. Ba ya tambayar tsohon abokin ciniki me za a haɗa masa. Daga yadda ya yi sallama ya zauna ya san ranar ta haɗin kauri ce ko ta ruwan bunu. Kwanakin farko bayan an yi albashi, madara cokali biyu, Indomie biyu da ƙwai. In wata ya yi nisa, ruwan shayi da sukari da rabin burodi, sai kalmar da ta riƙe zumuncin: "A rubuta."

Indomie ɗin nan ma ba daɗaɗɗiya ba ce a teburin. A ƙarshen shekarun 1980 ta shigo Najeriya daga Indonesiya, a tsakiyar shekarun 1990 aka fara yin ta a Ota ta Jihar Ogun, daga baya aka kafa masana'anta a Kaduna. A da abincin yara ake ɗaukarta, har magidanci kan ji nauyin a gan shi da ita. Abin da ya shigar da ita cikin manya shi ne lokaci: minti biyar ta dahu, ga ta da zafi, ga yaji, an ci an tashi. Ta riƙe ciki zuwa la'asar kuwa, wannan wata magana ce.

Tallar da ta girmi ofis

Akwai masu cewa cin abinci a waje sabon abu ne da boko da aikin albashi suka kawo. Ban yarda da su ba. A garuruwan Hausa tun fil azal tuwon dare shi ne babban girkin gida, na rana kuwa galibi saye ake yi: fura, ɗanwake, dambu, alale, abin da matan aure ke dafawa a cikin gida yara su fita da shi talla. Baturiyar nan mai bincike Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a 1969 a kan wannan ciniki na ɓoye da matan kulle ke gudanarwa daga bayan katanga. Abin da ya sauya shi ne tazara da tsada. A da mai saye da mai dafawa 'yan unguwa ɗaya ne, ya san gidan da furar ta fito. Yanzu kulolin abinci ne ake lodawa a adaidaita sahu tun hantsi, a ratsa gari da su zuwa ƙofar ma'aikata ko bakin kasuwa, kuma kuɗin motar yana cikin kuɗin farantin.

Da an idar da sallar azahar za ka ga an yi dafifi a gindin bishiya ko ƙarƙashin rumfar langa-langa. Sarkin wurin shi ne garau-garau, shinkafa da wake da mai da yaji, a yanka ɗan latas da tumatir da albasa a kai. Sai taliya 'yar murji, sai ɗanwake da ya sha mai, sai gurasa bandashe da ƙuli-ƙuli, abincin da Kanawa ke tinƙaho da shi. Gurasar nan ma sai da ta fito titi: a watan Fabrairun 2024 mata masu gasa ta suka yi zanga-zanga a Kano kan tsadar fulawa. A wannan lokacin ne kuma aka riƙa jin labarin afafata, tsakin shinkafar da a da masu casa ke warewa a ba kifi ko kaji, ta koma tukunyar mutane.

Ka tsaya kusa da mai abinci ka kalli hannunta. Ba ta son faɗin sabon farashi, don ta san masu zuwa wurinta, ta san albashinsu bai motsa ba. Sai ta bar kuɗin yadda yake, ta rage a ludayi. Cokalin da a da ake cika shi ya yi tozo, yanzu shafe shi ake yi a bakin kula. Mai da ake zubawa har ya kwanta a gindin faranti, yanzu ɗigawa ake yi. Mai saye ya gani, ita ma ta san ya gani. Abin da zai ce bai wuce "Hajiya, a ɗan gyara hannu mana" ba, ita kuma ta ƙara ƙwayar wake biyar ta ce, "Yallaɓai, kasuwar ce." Nama dai an daɗe da yin sallama da shi, awara ce ta gaje kujerarsa, yanka biyu a gefen faranti, kuma a gaskiya ba ta yi laifi ba, domin waken suya yana gina jiki.

Bismillah

Wani ɓangaren wahalar ba a aljihu yake ba. Bahaushe ba ya buɗe kwano a gaban mutane bai ce "Bismillah" ba, wanda aka yi wa tayi kuma ya san amsar da ta dace: "Alhamdu lillahi, a ci lafiya." Haka ake yi lokacin da kowa ke da nasa. Yau kuwa mai tayin yana yi gabansa na faɗuwa, don a ofis mai mutum shida zai yi wuya a rasa wanda bai karya ba, kuma in yunwa ta kai yunwa kara ba ta hana miƙa hannu. Sai aka shiga dabaru. Wani ya ci a cikin mota gilashi a rufe. Wani ya jira sai an fita masallaci ya yi sauri ya share kularsa. Wani ya ce zai je banki, alhali bayan gini ya zagaya wurin mai rogo da ƙuli. Azumin Litinin da Alhamis ma ya samu ƙarin masoya a ofisoshi. Allah ne masanin zukata, kuma ladan yana nan ko ta wace ƙofa aka shigo.

Girma ma yana da nasa harajin. Masinja zai iya tsugunawa a gindin bishiya ya ci garau-garau ɗinsa ya sha ruwa ya yi hamdala. Mataimakin darakta ba zai iya ba. Ko dai ya aiki yaro ya sayo masa a rufe, ya kuma ba ɗan aiken nasa kason, ko ya tafi gidan abinci mai fanka da kujeru inda faranti ɗaya ke cin kuɗin faranti huɗu, ko ya haƙura da goro da ruwa. Da yawa na ukun suke zaɓa. Babbar riga ta sha guga, hula ta zauna daram, ciki kuwa tun shayin asuba.

A kasuwa abin ya ɗan bambanta, kuma a ganina 'yan kasuwa sun fi gwamnati fahimtar ɗan Adam a nan. A Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, al'ada ce uban gida ya ba yaran shagonsa kuɗin abinci kullum, ko ya sayo a babban faranti a zauna a ci tare, shi da su. Ba ya lissafa shi a matsayin kyauta. Ya san yaron da ke jin yunwa ba zai ɗaga dila ba, kuma hannunsa zai fi saurin kaiwa ga aljihun tebur. Lebura da birkila da ɗan dako su ma suna karɓar nasu a ranar, su ci a ranar. Mai albashin wata ne kaɗai ake ba dunƙule guda a ce ya ja shi kwana talatin.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta tanadi cewa wanda zai yi aikin awa shida ko fiye a rana a ba shi hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. Doka ce mai kyau a takarda. Ma'aikaciyar banki da layi ya kai ƙofa, da ma'aikacin jinya da ke kwana shi kaɗai da ɗakin marasa lafiya, da mai gadi da babu wanda zai karɓe shi, da malamar makarantar kuɗi da ake sa ta tsaron yara a lokacin tara, duk sun san hutun nan labari ne. A tsaye suke ci, in sun ci. Masu aikin dare kuwa ba su da kowa sai mai shayi da mai tsire, don su ne ke kaiwa ƙarfe biyu fitila a kunne.

Mace ma'aikaciya tana da ƙarin kaya. Bencin mai shayi na maza ne. In ta zauna a kai, kafin ta koma ofis labari ya riga ta. Saboda haka ita ce ke tashi tun kafin kiran assalatu ta dafa na yara, ta zuba na maigida, ta ɗura nata a kula, ta kuma dawo da yamma ta tarar da tukunyar dare tana jiranta. Wasu sun mai da wahalar sana'a: suna zuwa ofis da zoɓo da kunun aya da cincin da dambun nama a jaka, abokan aiki su ɗauka, a biya in an ji alat. Kusan kowace ma'aikata tana da irin wannan Anti ko Hajiya, kuma a wata mai nisa ta fi akanta farin jini.

Ruwa

A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin Kano yana kaiwa digiri 40, wani lokaci ya wuce. Famfon yawancin ofisoshi ya daɗe da bushewa, don haka ruwan leda ne abin sha, kuma shi ma kuɗinsa ya ninka ya sake ninkawa, musamman mai sanyi. Sanyin nan kuwa wutar lantarki ce ke sayar da shi. A watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka shafe sama da mako guda cikin duhu, ƙanƙara ta zama kayan gabas, masu zoɓo da kunun aya da fura da yogot suka tafka asara.

Ɗan adaidaita sahu da ke yini cikin rana da hayaƙi ya kamata ya sha ruwa fiye da kowa, amma sau da yawa abin da ke gabansa robar lemon ƙara kuzari ce, Fearless ko Predator, don ya kore barci ya cika balas ɗin mai mashin. Lemon kwalba da biskit ko burodi kuma ya zama abincin rana na dubban matasa a shaguna da ofisoshi. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari a Dokar Kuɗi ta 2021, da nufin rage sha. Naira goma ba ta hana kowa komai ba, tunda mai shan ba don marmari yake sha ba. Sukarin yake nema ya tsayar masa da jiri. Mata da yawa kuma da gangan suke ƙin shan ruwa a wurin aiki saboda halin da banɗakin ma'aikatar ke ciki, su yini da ƙishi har su koma gida. Wannan ba a cika faɗarsa a taron ƙungiyar ƙwadago ba, amma likitocin ƙoda da na mafitsara sun san sakamakonsa.

Kusan duk ma'aikacin da ka zanta da shi zai ce maka yana da olsa, ya kuma ɗora laifin a kan zama da yunwa. Likitoci sun ce abin da ya fi haddasa gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce mai suna H. pylori, sai kuma yawan shan magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda lebura da direba ke haɗiya kamar gyaɗa, sau da yawa a kan cikin da babu komai. Yunwa tana tayar da raɗaɗin, shi ya sa ake zarginta. Ga kuma gishiri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Wanda ya karya da Indomie, ya ci garau-garau da yaji mai dunƙule da rana, ya rufe da tsire da dare, ya wuce nan tun kafin la'asar. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo.

Watan azumi ne kaɗai ke daidaita kowa. Wasu gwamnatocin jihohi, irin ta Jigawa, sukan rage lokacin aiki, babu mai ɓuya don ya ci, babu mai jin kunyar bai ci ba. Masu abincin rana kuma su koma sayar da ƙosai da kunun tsamiya da yamma, ko su zauna wata guda babu ciniki.

Littafin bashi

Duk wannan tsari a kan bashi yake tsaye. Mai shayi yana da littafi, mai abinci tana da nata, galibi tsohon littafin makarantar ɗanta ne, kowane shafi da sunan mutum ko laƙabinsa: Oga na sama, Malam mai Vespa, Dogo na akawu. Babu sa hannu, babu shaida, babu ruwa a kai. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin sauya fasalin kuɗi, har mai ƙosai ta buɗe asusun OPay ko Moniepoint, an rubuta lambar a jikin kwali an jingina da kasko. Ranar da albashi ya shiga, wayarta ba ta hutawa. Ranar da ya makara kuwa, ita ce ke zuwa wurin mai awo a kasuwa ta ce a ƙara mata haƙuri, ma'aikata ba su samu ba tukuna. Mai awo shi ma ya je ya faɗa wa dillalinsa a kasuwar Dawanau. Ta haka matar da jarinta bai kai albashin masinja ba take ɗauke da ma'aikatan gwamnati da na kamfani har mako biyu ko uku. In aka yi wa mai bashi canjin wurin aiki ya tafi bai waiwayo ba, ita ce da asara, kuma babu kotun da za ta je.

A watan Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, ciki har da masara da alkama da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Da wannan, da kuma amfanin gona da ya shigo, farashin hatsi ya sauko sosai a 2025, har manoma suka koma kuka. Sai dai ludayin mai abinci bai koma yadda yake ba, kuma in ka tambaye ta dalili tana da amsa a shirye: shinkafa ta sauka, amma gas da gawayi da man gyaɗa da kuɗin adaidaita da na yarinyar da ke wanke-wanke ba su sauka ba, ga kuma shafuka uku a littafinta na mutanen da tun bara ba ta sake ganinsu ba.